Sifiku ko firi-amf na bawul: wanne zan fara saya?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana kafin in zuba kuɗi inda ba zan iya kwaso su ba. Ina da fawa-amf (amfilifayar da ke tura ƙarfi ga sifiku) na tiransista, wat 100 kowane gefe a kan ohm 8, da wani ƙaramin DAC mai bolum (na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa siginar da amfilifaya ke karɓa) da nake jona wa kwamfuta. Sifikun da nake amfani da su yanzu na aro ne, mai su ya ce zai karɓi abinsa bayan salla. Ƙanena da ke Amurka ya samo mini firi-amf (na'urar da ke ɗaga sigina da daidaita bolum kafin fawa-amf) na bawul, wato kwalaben gilashin nan irin na tsohuwar rediyo, na hannu, tsohon yayi, bawul mai lamba 12AX7 ne a cikinsa, mai shi yana neman rabuwa da shi. Kuɗin da ke hannuna ba za su ɗauki firi-amf ɗin da sifiku na kirki a lokaci guda ba, dole ɗaya ya jira.

Sifikun da nake hange uku ne: KEF LS50, Wharfedale Linton, da Klipsch Heresy. Falon mita 6 ne tsawo, 4 faɗi, 3 zuwa rufi. Tayil a ƙasa, POP a sama. A Kaduna nake. Da safe karatun Alƙur'ani nake sa wa, da dare kuma jaz na da, kiɗan kora na Mali, da namu na gida, kalangu da kukuma da gurmi. Me kuka gani?

Injiniya KD:
Wa alaikumus salam Malam. Sifiku. Ba ma sai an yi dogon zance ba. Tunda DAC ɗinka yana da bolum, kana iya jona shi kai tsaye da fawa-amf ka ji kiɗa yau ɗin nan. Amma in mai sifiku ya karɓi abinsa, firi-amf ɗin me zai yi maka? Sai dai ka zauna kana kallon bawul suna ja a duhu.

Bayan haka, a duk cikin kayan nan babu abin da ke canza sauti kamar sifika da ɗakin da aka ajiye ta. Bambancin firi-amf biyu masu lafiya ɗan kaɗan ne, sai ka kasa kunne. Bambancin LS50 da Heresy kuwa ko daga tsakar gida za ka ji shi.

Alhajin Manchesta:
Injiniya, ka yi saurin yanke hukunci. Sifika kullum tana kasuwa, Linton ɗin nan har gobe ana ƙera ta. Tsohon firi-amf mai kyau kuwa in ya wuce ka ya wuce. Ni na daɗe ina harkar nan, kuma abin da na lura shi ne mutum yakan canza sifika sau da yawa, amma in ya dace da firi-amf ɗin da ya kwanta masa, da shi zai tsufa. Dubi Marantz Model 7 na 1958 ko McIntosh C22, yau mutane na rububinsu da kuɗin da ya ninka na sabo. Ba don hauka ba ne.

Injiniya KD:
Ranka ya daɗe, ai bai ce mana Model 7 aka samo masa ba. "Tsohon yayi, 12AX7" kawai ya ce. Rabin firi-amf ɗin duniya 12AX7 ne a cikinsu, har da amfilifayar masu jita. Baban Yusra, tambayi ƙanenka ya duba takardar kayan ya gaya mana abu biyu: turjiyar fitarsa (yadda yake tare wutar sigina a mafita) ohm nawa ce, kuma dB (ma'aunin ƙarfin sigina da ƙara) nawa yake ɗaga sigina. Kai kuma duba takardar fawa-amf ɗinka ka ga turjiyar shigarsa.

Baban Yusra:
Na tambaye shi. Ya ce an rubuta turjiyar fita ohm 2,000, ɗagawa dB 20. Nawa fawa-amf ɗin an rubuta ohm 10,000 a shiga. Ya kuma buɗe murfin ya turo mini hoto, akwai kafasita biyu manya kusa da mafita, an rubuta 0.47 a jikinsu. Wannan yana nufin wani abu?

Injiniya KD:
Yana nufin abu da yawa, kuma ba mai daɗi ba. Bari in bi da kai a hankali.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce turjiyar shigar fawa-amf ta ninka turjiyar fitar firi-amf aƙalla sau goma. Kai naka 10,000 ne a kan 2,000, sau biyar ke nan. Wannan kaɗai ba zai kashe ka ba, ɗan ƙarfi ne zai ragu. Inda gizo ke saƙar shi ne kafasitan nan. Bawul yana aiki da wuta mai ƙarfi, bolt ɗari biyu zuwa ɗari uku, saboda haka dole a sa kafasita a mafita don ta tare wannan wutar kada ta kwarara cikin fawa-amf. To ita kafasitar in ta haɗu da turjiyar shigar fawa-amf sai su zama matata mai yanke sautin ƙasa. Da mikrofarad 0.47 a kan ohm 10,000, yankan yana kai dB 3 a wajen 34 Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramin adadi shi ne bes), kuma tun kafin nan ya fara zaftarewa. Da a ce fawa-amf ɗinka 47,000 ne, da wurin ya sauka wajen 7 Hz, babu mai ji. Da 100,000 ne, irin na amfilifayar bawul da aka ƙera firi-amf ɗin dominsu, 3 da ɗoriya.

Wato ba a yi wannan firi-amf ɗin don irin fawa-amf ɗinka ba. Za su yi aiki tare, sauti zai fito, amma bes ɗin ƙasa zai rame. Sai ka zo nan ka ce mana bawul ba shi da bes, alhali haɗin ne bai yi ba.

Alhajin Manchesta:
To ai kafasita ake canzawa. A sa 2.2 ko 3.3 mai kyau, an gama. Aikin dalma ne na rabin awa.

Injiniya KD:
Haka ne Alhaji, ana iyawa. Amma ba ta rage 2,000 ɗin nan ba, kuma 12AX7 ba bawul ne mai son jan kaya ba. Ɗaga sigina ya iya, har ninki ɗari a ƙa'idarsa, amma wutar da yake iya turawa kaɗan ce. Shi ya sa masu ƙera firi-amf na yanzu da yawa suka koma wasu bawul irin 6922 ko 6SN7 ko 6H30 na Rasha, kamar yadda Audio Research ke yi, ko kuma su ƙara wani mataki a mafita da zai sauko da turjiyar zuwa 'yan ɗaruruwa.

Ɗan Kantin Kwari:
Ni fa kun ɓatar da ni tun daga ohm. Malam, ka je kasuwa ka sayi hom-tiyata mai sifika biyar da wufa, har da rimot da bulutut, ragowar kuɗin ka sai wa Maman Yusra atamfa. Kowa ya huta.

Baban Yusra:
Hahaha, ɗan'uwa atamfa an riga an saya, da ita aka samu izinin wannan.

Maman Amira:
Sannunku da muhawara. Ni aikin sauti nake yi a wani gidan rediyo, kuma abin da ya tsaya mini a rai a tambayarka, Malam, ba na'ura ba ce, falon ne. Tayil, POP, bangon siminti, na tabbata akwai taga babba. Tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata 'yar ƙara tana karkarwa bayan tafin, kamar "trrr", to duk sifikar da ka kawo sai wannan ƙarar ta hau kanta.

Kuma ma'aunin ɗakin naka yana da wani abu. Kowane ɗaki yana da sautukan ƙasa da yake kumburawa gwargwadon tsawonsa. Ana raba saurin sauti, mita 343 a daƙiƙa, da ninki biyu na tsawon. Mita 6 yana ba da kusan 29 Hz, da ninkinsa 57. Mita 4 yana ba da 43. Mita 3 na rufi kuma 57. Ka ga 57 ya fito sau biyu, tsawo da tsayi sun haɗu a wuri ɗaya. A nan bes zai riƙa yin gunji a wasu kujeru, a wasu kuma ya ɓace. Babu bawul ɗin da zai gyara wannan, ko na zinare ne.

Kafin ka sayi komai: kafet mai kauri tsakaninka da sifiku, labule mai nauyi, kujeru masu soso, kanta ta littattafai a bangon baya in da hali. Kada kujerarka ta manne da bango, kada kuma ta zauna daidai tsakiyar ɗaki.

Baban Yusra:
Hajiya na tafa. Wallahi akwai "trrr" ɗin, har yara suka fito suna tambaya ko lafiya. To a cikin sifikun nan uku wacce za ta fi jure irin wannan falo?

Maman Amira:
Zan faɗi nawa, amma kunnenka ne alƙali.

LS50 sifika ce mai tsabta ƙwarai. KEF sun fito da ita a 2012 don cikarsu shekara 50, kuma sun sa twita (mai fitar da siririn sauti) a tsakiyar wufa (mai fitar da sauti mai kauri), saboda haka murya takan fito daga wuri guda, kamar mai karatun yana zaune a gabanka. Don karatun Alƙur'ani da kora, da wuya ka samu abin kushewa. Amma wufarta inci 5 da kwata ce kawai, ƙararta dB 85 a wat ɗaya, kuma turjiyarta tana sauka har wajen ohm 3.2. A falo mai mita 6, in ka zauna nesa kana son ganga ta buga maka a ƙirji, za ta gaza, sai ka ƙara sabwufa. Ƙarin kuɗi ke nan, ga kuma ƙafafun da za a ɗora ta a kai.

Linton ta fi girma, kashi uku ce (ƙasa, tsakiya da sama kowanne da bakinsa), wufa inci 8, dB 90, ohm 6. Sautinta yana da ɗan kauri da laushi a sama, wanda a ɗaki mai tayil alheri ne. Ita ce ba za ta gajiyar da kai ba in ka yi awa uku kana ji.

Heresy wata duniya ce daban. Ƙaho ne ke fitar da tsakiya da sama, wufa inci 12. Kalangu a kanta sai ka ji fata tana amsawa, bugun yana da rai. Amma ƙaho a ɗaki mai amsa-kuwwa yana iya zama tsini a kunne, musamman kukuma in ta hau sama. Kuma duk girman wufar nan ba ta sauka ƙasa sosai, wajen 48 Hz suka rubuta wa ta baya-bayan nan.

Alhajin Manchesta:
A nan kam ban yarda ba Hajiya. Ƙaho ya fi tattara sauti ya nufi mai sauraro da shi, bai cika watsa shi ga bango ba. A ɗaki mai tauri wannan ai riba ce. Kuma tsinin da kike faɗa, yawanci in an haɗa Klipsch da amfilifaya mai bushewa ne. Paul Klipsch ya ƙera Klipschorn a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas, Heresy ta biyo a 1957, zamanin da kowa bawul yake amfani da shi, wat goma ma babban abu ne. Sifikun nan da bawul aka haife su. Shi ya sa na ce ya riƙe firi-amf ɗin. Heresy da bawul, ya ji abin da ake kira kiɗa.

Injiniya KD:
Alhaji, wannan haɗin da ka kawo shi ne mafi haɗari a duk cikin ukun. Duba lissafin. Klipsch sun rubuta dB 99 a Heresy. Masu aunawa da kansu sukan samu ƙasa da haka, amma ko da an rage, tana nan sama da sauran nesa. Tsakanin 99 da 85 na LS50 akwai dB 14, wato abin da LS50 ke buƙatar wat 25 ta yi, Heresy da wat ɗaya za ta yi shi. Kyakkyawan abu ne in amfilifayarka ƙarama ce. Amma shi wat 100 gare shi. DAC yana fitar da bolt 2, wanda shi kaɗai ya isa ya kai yawancin fawa-amf ƙarshen ƙarfinsu. Ka ɗora dB 20 na firi-amf a kai, ninki goma ke nan. Da ya taɓa bolum kaɗan ɗakin ya cika. Duk jinsa zai ƙare a ɗan wurin nan na farkon juyawa, inda tsofaffin bolum suka fi rashin daidaito tsakanin hagu da dama.

Sannan kowane bawul yana da 'yar hucinsa, "shhhh". A kan LS50 ba za ka ji ba sai ka kai kunne jikin twita. A kan Heresy kana kujera za ka ji ta, musamman da asuba gari shiru, tsakanin aya da aya.

Alhajin Manchesta:
Akwai 'yan na'urorin rage sigina da ake maƙalawa a bayan fawa-amf, dB 10 ko 12.

Injiniya KD:
Akwai. Wato ya sayi abin da zai ɗaga sigina da tsada, sannan ya sayi abin da zai sauke ta. Ya canza kafasita.  Alhaji, a wane mataki ne za mu yarda cewa kayan bai dace da shi ba?

Mai Auna Sauti:
Tunda an zo nan bari in jefa tawa. Ni ban ma ga amfanin firi-amf na bawul ba a wannan zamani. In an ƙera shi da kyau, ba ya ƙara komai, ba ya rage komai, to daidai yake da na tiransista mai rahusa. In kuma kana jin "ɗumi" da "zaƙi", to gurɓata sautin yake yi, yana ƙara ninki biyu na kowane sauti, wanda kunne ke jin daɗinsa amma babu shi a ainihin abin da aka ɗauka. Ido ne ke ji, ba kunne ba. Masu binciken sauti Floyd Toole da Sean Olive sun gwada wannan a kamfanin Harman da sifiku: in mutane na ganin abin da ke kiɗa, makin da suke bayarwa daban, in an sa labule an rufe, makin ya canza, har ga ƙwararru. To in haka ta faru da sifika da bambancinta ke a fili, ina ga firi-amf?

Alhajin Manchesta:
Yaro, ni ba ɗakin gwaji na gina a gidana ba, falo ne. In ninki biyun nan yana sa muryar mawaƙi ta yi mini daɗi bayan na dawo daga aiki a gajiye, to kuɗina sun biya. Kuma ido ai nawa ne, ba aro na yi ba. In hasken bawul yana ƙara mini jin daɗi, wa na cuta?

Mai Auna Sauti:
Ba ka cuci kowa ba Baba. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mai neman shawara ya fi "gaskiyar sauti". A ce masa ado ne, in yana so ya saya da saninsa.

Maman Amira:
Ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe, amma ina ganin Mai Auna ya ɗan wuce wuri. A situdiyo har yau ana amfani da makirufo da na'urori masu bawul da gangan, don wannan launin da suke bayarwa. Yawancin jaz ɗin da Baban Yusra ke ji na shekarun 1950 ta cikin bawul aka ɗauke shi tun daga makirufo har tef. Ba abin kunya ba ne mutum ya so launi. Sai dai launi ana ƙara shi ne bayan an samu hoton. Shi ko sifika ba shi da ita tukuna.

Tunda murya ce rabin abin da yake ji, da kuɗi sun kai da na ce ya leƙa zuriyar BBC, irin Harbeth da Spendor. Waɗanda suka kafa su, Dudley Harwood da Spencer Hughes, duk injiniyoyin BBC ne, kuma da muryar ɗan Adam suke auna sifika. LS3/5a ɗin nan, ƙaramar sifikar BBC da ake ta yabo, an yi ta ne don ƙananan wurare irin motocin ɗaukar shiri, ba don falo mai mita 6 ba, kada wani ya ruɗe ka da sunanta.

Oga Mai Gyara Sabon Gari:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kowa na maganar sauti, babu wanda ya yi maganar wuta, kuma a teburina kayan nan suke ƙarewa.

Kayan Amurka bolt 120 ne, 60 Hz. Mu nan 230 ne, 50 Hz. Taransifomar sauke wuta za ta gyara maka bolt, amma ba ta canza Hz. Taransifomar da ke cikin firi-amf in an naɗa ta don 60 kaɗai, a kan 50 takan fi zafi, wata ma ta riƙa gurnani. Wasu kamfanoni suna naɗa ta da hanya biyu, sai a canza jonin waya a ciki ta koma 230 ko 240, a canza fiyus, shi ke nan. In irin wannan ce, da sauƙi. In ba ita ba ce, kullum kana cikin fargabar ranar da wani a gida zai zare filogi ya soka a bango kai tsaye. An kawo mini irin wannan, wata babbar amfilifaya, mai aikin gida ce ta share falo ta mayar da filogi inda ta ga rami. Ƙamshin taransifomar da ta ƙone har yanzu in na tuna sai in ji shi a hanci. Naɗa sabuwa ana yi, amma ba za ta koma kamar ta asali ba.

Na biyu, wutarmu ba ta tsayawa wuri ɗaya. Filamen na bawul, wato zaren da ke zafafa shi, bolt 6.3 yake so, ko 12.6. In wuta ta hau, shi ma ya hau, ran bawul ya ragu. In ana ɗaukewa ana kawowa, kowane kunnawa duka ne a kansa. Stabilaiza mai rilé, mai "ƙat-ƙat" ɗin nan, za ka riƙa jin ƙarar a sifika. Nemi mai "servo", wadda ke juyawa a hankali. Ƙaramin janareta kuma kada ka kuskura.

Na uku, atin, wato wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Gidaje da yawa ramin uku na soket ado ne, babu waya a bayansa. Kayan bawul in babu atin na gaskiya, ga gurnani "hmmm" a sifika, ga haɗari in wani abu ya taɓa jikin ƙarfen. Kira mai wayarin ya duba kafin kaya su iso.

Ɗan Maraɗi:
Oga ya faɗi gaskiya. Mu nan sola da inbata muka koma. Abin da zan ƙara, inbata ta zama mai tsabtataccen igiyar wuta irin ta gidan wuta, ba mai rahusar nan da ke sa fanka kuka ba. In fanka na kuka a kanta, taransifomar firi-amf ma za ta yi. Sannan zafi. A watan Afrilu ɗaki yana wuce digiri 40, kayan bawul ko ƙananan ne suna buƙatar iska. Kada a cusa shi cikin kabad mai gilashi, a bar masa sarari a sama. Da hunturu kuma a rufe shi da ƙyalle in ya huce, ƙura na shiga ƙafafun bawul da bolum, sai ka ji "ƙarrr" in kana juyawa.

Baban Yusra:
Inbata gare ni mai kyau, alhamdu lillahi, a kanta nake kunna kayan. Oga, su bawul ɗin in sun mutu ana samunsu? Kada in sayi abin da zai zama kayan ado.

Oga Mai Gyara Sabon Gari:
A kasuwa nan da wuya, sai dai a yi oda. Amma 12AX7 shi ne ya fi kowane sauƙin samu a duniya saboda masu jita. ECC83 shi ne dai, sunan Turai ne. Har yanzu ana ƙera shi: JJ a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha mai yin Electro-Harmonix da Sovtek da Tung-Sol na yanzu, sai kuma Sin. Lokacin da yaƙin Yukiren ya tashi a 2022 farashi ya yi tsalle, shaguna suka riƙa ƙayyade wa mutum adadin da zai saya. Ƙananan bawul na firi-amf suna daɗewa, dubban awoyi, ba kamar manyan na fawa-amf ba. Ka sa ƙanenka ya haɗo da saiti ɗaya na ajiya.

Ni ba bawul ne ke damuna a tsohon kaya ba, kafasitocin wuta ne. In sun shekara talatin ko arba'in sun bushe, zafinmu kuma ya ƙarasa su. Kuma don Allah a gaya wa ƙanen nan naka ya daina buɗe murfi yana ɗaukar hoto da hannu a ciki. Kafasita tana riƙe bolt ɗari uku ko an zare filogi.

Alhajin Manchesta:
In zai sayi na ajiya ya nemi tsofaffin Mullard na masana'antar Blackburn, nan kusa da mu, ko Telefunken. Bambancinsu da na yanzu ba kaɗan ba ne.

Oga Mai Gyara Sabon Gari:
Alhaji kai kana kusa da su kana iya dubawa. Shi daga nesa zai saya, kuma jabu sun yi yawa, ana goge tambari a buga wani. Telefunken na gaske yana da 'yar alamar lu'ulu'u a gilashin gindinsa tsakanin ƙafafu, a cikin gilashin take ba fenti ba. Ko da ita ma, ba ka san awa nawa ya yi aiki ba sai an sa shi a na'urar gwaji. Mai farawa ya sayi sabo daga dila mai gwadawa ya huta.

Mai Auna Sauti:
Kun gani? Taransifoma, stabilaiza, atin, kafasita, bawul na ajiya, jabu. Duk don a ƙara gurɓata kaɗan.

Admin:
Mai Auna, ka faɗi naka an ji. A bar mai tambaya ya yanke.

Baban Yusra:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya. Sifiku zan fara saya, da kafet da labule. Zuciyata ta fi karkata ga Linton saboda girman falon da kuma abin da Hajiya ta faɗa na tayil, amma maganar Alhaji a kan kalangu da Heresy ta shiga raina, ba zan ɓoye ba. Ba na son in saya ban ji ba. Akwai wanda ke da ɗaya daga cikinsu a Kaduna ko Abuja ko Kano da zai bari in zo in saurara?

Firi-amf ɗin kuma ban ce na fasa bawul ba, Alhaji kada ka yi fushi. Wannan ɗin dai na ga kamar ba nawa ba ne. Injiniya, in zan nema nan gaba, me zan duba?

Injiniya KD:
Turjiyar fita ƙasa da ohm 1,000, in ta kai 600 ko ƙasa ya fi, kuma ka tambaya ko adadin yana nan haka har a 20 Hz, don wasu a 1,000 Hz kaɗai suke aunawa su rubuta. Ɗagawa kada ta wuce dB 10 zuwa 12. Ya zama na 230 daga masana'anta. Ya zama yana rufe mafitarsa na ɗan lokaci in an kunna har bawul su yi zafi, don fawa-amf na tiransista ba ya yafe irin bugun da ke fita a lokacin, kai tsaye yake miƙa wa wufa. Ko da yana da wannan, ka saba: firi-amf ake fara kunnawa, fawa-amf a ƙarshe. Wajen kashewa fawa-amf ne farko.

Akwai irin Schiit Freya mai 6SN7, wanda ke da maɓallin da za ka zaɓi bawul ko ka kauce musu. Da irinsa kai da kanka za ka raba gardamar Alhaji da Mai Auna a falonka, ka sa Maman Yusra ta riƙa dannawa kana rufe da ido, amma ka daidaita ƙarar tukuna, don wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne shi kunne ke zaɓa.

Abu Hanif Gwarinpa:
Malam ina da Linton a Abuja, bisimilla duk ranar Asabar. Falona ma tayil ne, kusan girman naka. Ka zo da abin da ka saba ji a filashi, kada ka dogara da nawa. In ba nauyi ka ɗauko fawa-amf ɗinka ma mu jona, ka ji su tare.

Alhajin Manchesta:
Ba fushi ƙanena. Amma kafin ka ce wa mai firi-amf ɗin a'a, a gaya mana sunansa da lambarsa. In wani abin kirki ne ni ina so, nawa fawa-amf ɗin 100,000 ne a shiga.

Oga Mai Gyara Sabon Gari:
To Alhaji kai ma 230 ne a can, matsalar wutar ɗaya ce da tamu. A ce wa yaron ya ɗauki hoton bayan kayan inda aka rubuta bolt da Hz, da takardar da ke manne a jikin taransifoma in ana ganinta ta ramukan murfi. In an rubuta 50/60, a turo mini in duba ko tana da hanyar 240.